Sunan Gwaggo Basgul

Har yanzu ba na iya zama in jingina da bango. A ƙofar tanti nake wuni, kofin shayi a gefena, kuma jim kaɗan sai na duba in ga ko ruwan cikinsa yana rawa. Wani lokaci ƙasar ce ke motsi, wani lokaci idona ne kawai. Amma ba labarina zan bayar ba. Labarin gwaggona ne, yayar babana, wadda ta raine mu ni da yayana Zahir bayan rasuwar mahaifiyarmu, da yadda sunanta ya kusa raba ɗan abin da ya rage na gidanmu.

Sunanta Basgul. A ƙauyukanmu na yammacin Herat, in ka ji mace da wannan suna ba sai ka tambayi yadda aka karɓe ta ranar da ta zo duniya ba. Da Farisancinmu "bas" yana nufin ya isa, Pashtunawa ma haka suke cewa. "Gul" fure ne, fure kuwa 'ya mace ce. In an haɗa, sai ya zama furanni sun isa haka. Wasu gidajen suna sa Bas Bibi, Pashtunawa su ce Basgula, duk abu ɗaya ne. Ba don yarinyar ake sa sunan ba. Roƙo ne ake rataya mata, domin duk wanda ya kira ta, ko da aike zai yi da ita, ya sake gaya wa Allah cewa gidan nan ya ƙoshi da mata, a kawo namiji.

Kakanmu yana da 'ya'ya mata biyar lokacin da aka haife ta cikin tsananin sanyi. An ce da ungozoma ta leƙo ta faɗa masa, sai ya ɗauki bargonsa ya tafi garke wurin tumaki. Mahaifiyarsa ce ta raɗa sunan, ba ta shawarci kowa ba. Haihuwar da ta biyo baya kuwa sai ga babana. Aka yanka rago, aka harba bindiga sama, ƙauye duka ya yarda cewa sunan ya yi aiki. Tun daga nan matan da ke ta jera 'ya'ya mata suka riƙa zuwa gidanmu da alewa, su ce a kira musu Basgul ta ɗauki jaririnsu ko ta taɓa cikinsu. Ta taso tana cin alewar mutane saboda ƙanin da bai san ma ana yi ba.

"Ni ce ƙofar da aka rufe," takan ce mini tana dariya, "babanki kuma ya shigo ta taga."

Ta yi aure sau ɗaya, tana wajen shekara ashirin, da wani makiyayi Bapashtune daga ƙauyukan hayin kogi. A al'adarsu amarya kan sami sabon suna a gidan miji. Uwar mijin, wadda maza kaɗai ta haifa kuma take marmarin jikoki mata, da ta ji sunan sai ta ce ba za a kira wannan a tsakar gidanta ba, ta sa mata wani. Zaman bai kai shekara biyu ba. Lokacin yaƙi ne, mijin ya bi tumaki ya taka nakiya. Ba su haihu ba. Gwaggo ta dawo gidan ubanta da akwati ɗaya, ta bar sunan can. Babu wanda ya taɓa kiranta da shi a gidanmu. Ina yarinya na sha tambayarta mene ne sunan, amsarta ɗaya ce kullum: ta yago gurasa mai zafi ta cusa mini a baki.

Gurasar ita ce rayuwarta. Tanderunta yana tsakar gida, a buɗe, kuma rabin ƙauye wurinta suke kawo ƙullunsu. Hannunta na dama daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabon wuta ne, gashi bai taɓa fitowa a kansa ba. Ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko baƙi aka yi, tana gaisawa tana tafiya, tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. In kaka ta yi, furen za'afaran da ake nomawa don ƙamshin abinci ya buɗe, takan bi mata gona tsinka kafin rana ta ɗaga. Can suke tsokanarta. Wata ta ɗago ta ce, "Basgul, bayanmu ya ƙage, ki yi magana mana furen nan ya isa haka." Ita kuma ta ce, "Da maganata na aiki, da bakinki na fara rufewa." Na ɗauka sunan ba ya damunta. Duk mun ɗauka haka.

Ita ce ta tsaya har Baba ya bar ni na tafi birni karatun aikin gona. Na gama ana dab da rufe wa mata ƙofar jami'a, na dawo gida da takardar da babu inda zan kai ta. Tun daga nan take kirana Malama, ta miƙo mini farantin ƙullu.

Ranar da ƙasa ta girgiza ina tsaye kusa da ita da wannan farantin. Hantsi ne. Maza duk suna gona. Matar Zahir, Gulsum, mai tsohon ciki, tana ɗaki ta kwanta saboda ciwon baya, 'yan matanta biyu, Setara da Hadiya, suna wasa da zare a gefenta. Na ji wani ƙara daga ƙasa kamar babbar mota ta shigo ƙarƙashin ƙafafuna. Na faɗi. Da na ɗago, babu gidanmu, babu gidan maƙwabta, ƙura ce kawai da wani shiru da ban taɓa jin irinsa ba. Ɗakunanmu na ƙasa ne masu rufin kubba, kuma kubba in ta faɗo gaba ɗaya take faɗowa.

Ni dai na tsaya riƙe da farantin. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Gwaggo ba ta tsaya ba. Ta ɗauki ƙarfen da take ciro gurasa da shi, ta hau kan ɓaraguzan, ta kara kunnenta, ta matsa gaba, ta sake karawa. Ta fara tono. Da ƙarfen ya lanƙwashe ta jefar da shi ta ci gaba da hannu. Ƙasa ta sake motsawa, mata suna kiran ta sauko, ba ta ko waiwayo ba.

"Malama, ajiye farantin nan ki zo ki ja ƙasa," ta ce, da muryar da take cewa in kawo gishiri.

Mun tarar da Gulsum a ƙarƙashin katakon ƙofa, ya tokare mata wani ɗan sarari. Tana numfashi. Lokacin da Zahir ya iso da gudu daga gona, Gwaggo ta riga ta fito da ita zuwa ƙugu, farata huɗu sun cire daga yatsun Gwaggon. 'Yan matan sai da yamma maza suka kai gare su. Suna kwance gefe da gefe, zaren yana hannun ƙaramar.

A ƙauyenmu mata da yara ne suka fi mutuwa, don su ne a ɗaka. An haƙa dogon rami aka jera su. Mata ba sa zuwa maƙabarta, Baba ne ya dawo ya gaya mana abin da ya faru. Ya ce bayan an rufe ƙasa, Zahir ya miƙe a gaban liman da duk mazan da suka rage, ya ɗora hannu a kan Alƙur'anin da aka tono daga masallaci, ya rantse. Ya ce in abin da ke cikin uwar yara ya rayu, in mace ce, sunan gwaggonsa zai sa mata, domin ita ta tono uwar da abin cikinta da yatsunta. Haka ya faɗa, "sunan gwaggona". Namiji a wurinmu ba ya ambaton sunan macen gidansu a gaban wasu maza. Zai ce uwar yara, ko ƙanwata, ko gwaggona. Ko 'yan matan da aka binne, a kan alamar kabarinsu "'ya'yan Zahir" aka rubuta. Mazan suka ce Allah ya yi masa albarka, ɗa ne mai sanin alheri.

Da Baba ya gama, Gwaggo tana zaune an naɗe mata yatsu da tsumma. Ta dube shi ta ce, "Kana tsaye ka bar shi ya faɗi haka?"

"To me zan ce, Yaya? Girmama ki ya yi."

Ta tashi ta tafi duba tanderunta. Ya tsage daga baki har ƙasa.

Muka koma tantunan da aka raba mana a fili. Ƙasa ba ta daina motsi ba. Sai ka fara cin abinci, ko ka tayar da salla, ka ji ta zame ƙarƙashinka kaɗan ta tsaya, kamar tana gwada ka. Kowa ya koyi kwana da takalmi. A cikin wannan hali Gulsum ta haihu, a tanti, wata ungozoma da ta zo da masu agaji ta karɓa. Mace ce, 'yar ƙarama, mai yawan gashi kamar Hadiya.

Gulsum ba ta yi magana sosai ba tun da aka fito da ita. Sai da aka fara zancen suna ta buɗe baki. Ina wanke mata kofuna lokacin da Zahir ya shigo ya tsuguna yana kallon jaririyar.

"Ba za a sa mata wannan suna ba," ta ce.

"Na rantse, Gulsum."

"Kai ka rantse, ni zan kira. Na binne biyu. Kana so safe da yamma in buɗe baki in ce wa Allah mata sun ishe ni? Da wane bakin? In ya ji ya karɓi wannan ma fa?"

"In na karya rantsuwar da na yi a kan ranta fa? A kan ranta na yi ta. Kin san abin da hakan ke nufi?"

Nan na gane cewa tsoro ɗaya ne ke cin su duka biyun. Ita tana ganin sunan zai ɗauke mata yarinyar, shi yana ganin rashin sunan ne zai ɗauke ta. Na sa baki na ce liman ya sha faɗa ana iya yin kaffarar rantsuwa, a ciyar da miskinai goma, yanzu kuwa duk inda ka juya miskinai ne. Zahir ya dube ni da jajayen idanu.

"Malama, wannan ba jarrabawa ba ce. Na ɗora hannu a kan Littafi a bakin kabarin 'ya'yana. In je in ce wa mutane na fasa?"

Gulsum ta ja jaririyar zuwa ƙirjinta. Ta ce 'yan'uwanta za su zo bikin suna daga garinsu. In aka raɗa Basgul, za ta bi su da 'yarta, kuma ba za ta dawo ba. Ba ta ɗaga murya ba. Zahir ya fita, ya yi ta zagaya filin tantuna har rana ta faɗi.

Kwanakin da suka biyo baya babu wanda ya zauna. Zahir ya je wurin liman ya dawo, ya sake komawa. Baba yana zuwa kan ɓaraguzan gida ya ɗauko tubali ya ajiye, ya ɗauko wani. Ni kuwa duk motsin ƙasa sai in ruga tantin Gulsum in sa yatsa ƙarƙashin hancin jaririyar, har ta fara korata. Gwaggo ta koma kan aikinta. Ta samo yumɓu da gashin akuya, tana liƙe tsagin tanderunta da tafin hannu, tunda yatsun ba sa taɓuwa.

Ana gobe suna, da la'asar, ta aike ni in kira Zahir da Baba. Ta ce in gaya wa Gulsum ta ɗaga bakin tanti ta saurara. Muka tarar da Gwaggo durƙushe gaban tanderun, laka har gwiwar hannu.

"Ɗana, zauna. Ka ishe ni da zirga-zirga, ƙasa na rawa kai ma kana rawa."

Zahir ya zauna.

"Me ka ce wa maza a maƙabarta? Faɗa mini yadda ka faɗa."

"Na ce zan sa mata sunanki."

"Ka kira sunan?"

"Haba Gwaggo. A gaban maza?"

"Madalla, ashe na yi tarbiyya." Ta goge goshi da bayan hannu. "To ina da suna biyu. Wanne ka rantse a kai?"

Zahir ya girgiza kai. "Wannan dabara ce, Gwaggo. Allah ya san abin da na nufa. Suna ɗaya na san ki da shi."

"Allah ya san abin da ka nufa, ni ma na sani. Ka nufi ka ba yarinyar abin da yake nawa. To ka ji. Basgul ba nawa ba ne." Ta nuna Baba da haɓa. "Nasa ne. Don shi aka sa. Kakata ko fuskata ba ta duba ba, bayana take leƙe ta ga wa ke tafe. Na ɗauke shi shekara sittin da wani abu kamar yadda ake ɗaukar tulun wani, ban yi ƙorafi ba, na ma ci alewa a kansa. Amma ba zan sauke shi a kan yarinyar da aka haifa a gidan da ya binne 'yan mata biyu ba. Ba don haka na bar faratana a cikin ƙasa ba."

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba tare da ta tashi ta taɓa wani abu ba.

"Ɗayan fa?" Zahir ya tambaya a hankali.

"Ɗayan, ranar da aka kai ni, tsohuwar ta ɗaga mayafina, ta riƙe haɓata ta juya fuskata wajen fitila. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, Ghutai." Ta faɗi sunan kamar mai taka ƙasar da ba ta yarda da ita ba. "Da yarensu, furen da bai buɗe ba tukuna. Shi kaɗai ne sunan da aka sa mini ana kallona. Mutum biyu suka kira ni da shi, duk sun mutu. Na ajiye shi don ba na son jin sa a bakin kowa. Yanzu ina so."

Zahir ya juya wurin Baba. "Maza za su ce na ƙirƙiro."

Baba ya daɗe yana murza gemu. Sannan ya ce, "Ba za su ce ba. Ni na kai mata busasshen inabi gidan mijin, ina saurayi. Na tsaya a ƙofa na ji tsohuwar tana kira, Ghutai, ƙaninki ya zo. Na ɗauka wata ake kira, sai ga Yaya ta fito." Ya sunkuyar da kai. "Zan faɗa wa liman. In yana so in ɗora hannu, in ɗora."

"Ka tuna ashe," in ji Gwaggo. "Da kan nan naka da na ɗauka rawani kaɗai yake riƙewa."

A daidai nan ƙasa ta motsa. Ba sosai ba, amma ruwan kwanon laka ya yi tangal-tangal. Na miƙe zan gudu, ban san ina ba. Zahir ya dafa ƙasa da hannu biyu. Gwaggo ta rungume tanderunta har motsin ya wuce, sannan ta duba liƙin. Bai buɗe ba.

Daga cikin tanti muka ji muryar Gulsum. "Gwaggo, sake faɗa in ji."

"Fito ki ji da kyau, 'yar nan, ba zan yi ta shela ba, akwai maza a fili."

Washegari liman ya zo. Baba ya ja shi gefe suka yi magana, liman ya gyaɗa kai. Ya karɓi jaririyar, ya yi mata kiran salla a kunnen dama, ya sunkuya ya raɗa mata sunan. Babu rago, babu kiɗa. Alewa kaɗan da 'yan'uwan Gulsum suka kawo aka raba, da gurasar farko da ta fito daga tanderun da aka gyara, gefenta ɗaya a ƙone domin ni na liƙa ta. 'Yan'uwan Gulsum suka sha shayi suka koma su kaɗai.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Zahir har yanzu yakan tashi ya je ya tsaya kan jaririyar yana kallon ƙirjinta. Gulsum takan zuba abinci kwano biyu na yara ta tsaya tana kallonsu. Sanyi yana matsowa, ba mu da ɗaki, kuma ko an gina ban san wanda zai yarda ya fara shiga ba. Matan ƙauye suna nan suna kiran Gwaggo da Basgul, tana amsawa. Wata ma ta zo kwanan baya da cikinta, ta ce a taɓa mata. Gwaggo ta ce hannunta ciwo yake, ta ba ta gurasa biyu ta sallame ta.

Jiya da safe ina riƙe da farantin ƙullu, Gwaggo ta sunkuya rabin jikinta a cikin tanderu. Jaririyar ta fara kuka a tanti, Gulsum tana lallashinta, tana cewa, "Ghutai, Ghutai, yi shiru mana."

"Na'am," in ji Gwaggo daga cikin tanderun.

Ta ɗago, fuskarta ja saboda wuta. Ta dube ni, na dube ta.

"Me kike kallo, Malama? Miƙo ƙullun."